Aiki a Detroit, iyali a Windsor: in na tare can, ina makomar girin kad ɗina?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa ina neman shawarar waɗanda suka san kan takardun Amurka da Kanada. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Detroit da ke jihar Michigan ta Amurka, ta wannan aikin na samu girin kad, wato katin zaman dindindin na Amurka, yanzu katin ya shekara uku da rabi a hannuna. Sai bayan na same shi na je gida na yi aure, don haka maiɗakina ba ta shiga cikin takarduna ba. Na cike mata I-130, takardar neman shigo da iyali Amurka, har yau layi bai zo kanta ba. Ana cikin jiran nan Allah ya buɗe mata tata ƙofar, ta samu zaman dindindin na Kanada, wato PR, ta tsarin shigo da ma'aikata na Express Entry, muka zaɓi ta sauka a Windsor da ke tsallaken Detroit a ɓangaren Kanada don ta kasance kusa da ni. A can aka haifi 'yarmu.

Wanda ya san wurin ya san kogi ne kaɗai a tsakani. Amma haya biyu nake biya, ɗaki a Dearborn kusa da Detroit da gida a Windsor, cefane biyu, kuɗin wuta biyu, ga yarinya ta fara wayo ba ta ganina sai ranar hutu. Abin da ke raina shi ne in saki ɗakin Dearborn in tare a Windsor gaba ɗaya, in riƙa ƙetarowa aiki ina komawa. Shin katina zai tsira? Kuma shekara ɗaya da rabi da ta rage mini in nemi zama ɗan ƙasa, yaya za ta kasance?

Basakkwace:
Wa alaikumus salam. Malam wannan ai ba abin da zai hana ka barci ba ne. Mu da muka tashi a Illela, mutum nawa ne ke kwana a Ƙonni ya wayi gari a kasuwar Illela, ya yi cinikinsa ya koma kafin magariba? Ka saki ɗakin, ka mayar da adireshinka gidan wani ɗan uwa a Dearborn ko Hamtramck, wasiƙunka su riƙa zuwa can, lasin tuƙinka na Michigan yana nan yadda yake. Kullum kana taka ƙasar Amurka, wa zai ce ka bar ta? Dokar da na sani ita ce kada mutum ya yi wata shida a waje, kai kuwa ko yini guda cur ba za ka cika ba.

Maman Sadiq:
Basakkwace, Allah ya bar zumunci, amma wannan shawarar kada Baban Ilham ya ɗauke ta. Ni a Windsor nake zaune, a Michigan nake aiki, sana'armu ɗaya da shi, na daɗe ina bin hanyar nan. Duk ƙetarawar da ka yi tana rubuce. Tun 2019 Amurka da Kanada ke musayar bayanan shiga da fita na kowa da kowa a iyakar ƙasa, shigarka wannan ita ce shaidar fitarka daga waccan. Jami'in da ke cikin rumfar nan yana ganin motarka ta shigo ƙarfe shida na safe ta fita takwas na dare, jiya haka, shekaranjiya haka. Tambayarsa ta farko kuwa kullum ita ce a ina kake zaune. Me za ka ce masa? In ka ce Dearborn, kwamfutar da ke gabansa ta riga ta ƙaryata ka.

Kuma kada ganin mu da yawa muna ƙetarawa ya ruɗe ka, ƙanena. Yawancin ma'aikatan jinyar Windsor da ke aiki a Detroit 'yan ƙasar Kanada ne, da izinin TN suke shiga, wanda ke ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwancin Amurka da Kanada da Meziko. Nima sai da na karɓi fasfon Kanada na samu damarsa, mai katin PR ba a ba shi. Mu ba wanda ya ce sai mun zauna a Amurka. Kai kuwa katinka sharaɗinsa ke nan, zama.

Malam Na Toronto:
Maman Sadiq ta faɗi gaskiya. Bari in ɗora a kai, domin akwai hanyar da doka ta buɗe wa mai irin halin Baban Ilham, sai dai tana da tsadarta.

Ƙasashen nan biyu ba iri ɗaya suke auna zama ba, kuma a nan mutanenmu ke shiga ruɗani. Kanada kwana take ƙirgawa. Mai katin PR ana so ya cika kwana 730 a cikin kowace shekara 5, ko a jere ko a warwatse, kuma in ka taka ƙasar ko na awa ɗaya ne a rana, an lissafa maka ranar. Amurka kuwa gida take dubawa: ina ne ainihin mazauninka, inda kake kwana, inda kayanka da rayuwarka suke. Maganar wata shida da Basakkwace ya kawo gaskiya ce a wurinta, haka ma ta shekara ɗaya, amma waɗannan na mai doguwar tafiya ne. Wanda ya kwashe kayansa ya koma wata ƙasa da zama ana iya cewa ya saki matsayinsa ko da kullum yana leƙowa.

Hanyar da nake nufi ita ce matsayin mai kai-komo. Yana cikin dokokin shige da fice a sashe na 8 CFR 211.5. Mai girin kad zai iya zama a Kanada ko Meziko ya riƙa shigowa aiki Amurka, katinsa na nan da rai. Ba sabon abu ba ne, tun 1927 ake yin sa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halascinsa a 1974 a shari'ar Saxbe da Bustos. Za ka cike I-90, takardar neman sabon girin kad, ka nuna ka koma mai kai-komo, ka faɗi ƙofar iyakar da kake bi, a can za ka karɓi sabon katin. Bayan haka duk wata shida za ka nuna wa jami'an iyaka shaidar cewa har yanzu kana aiki.

Ga tsadar. Na farko, ran katin ya rataya a kan aikin. In ka yi wata shida a jere ba ka da aiki a Amurka matsayin ya faɗi, sai fa in wani dalili ne da ya fi ƙarfinka kamar rashin lafiya. Rashin samun aiki ba ya cikin uzurin da ake karɓa. Na biyu, zaman da ka yi a matsayin mai kai-komo ba ya shiga lissafin neman zama ɗan ƙasa. Na uku, ba za ka iya nema wa iyali takardun shigowa ba sai ka dawo Amurka da zama. Wato I-130 ɗin Maman Ilham ma abin ya shafe ta.

Baban Ilham:
Malam na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To shekara uku da rabin da na tara fa? Za a ajiye mini ita ne in na dawo in ɗora daga inda na tsaya?

Malam Na Toronto:
Kada ka gina lissafinka a kan haka. Sharaɗin shi ne zama marar yankewa na shekara 5 daf da ranar da ka miƙa N-400, takardar neman zama ɗan ƙasa, da kasancewa a cikin ƙasar da jikinka na wata 30 a cikinsu, da wata 3 a jihar da kake nema. In ka tare a Windsor zaman ya yanke, ranar da ka dawo kuma sai ka sake tarawa. Abin da zai ɗan sanyaya maka rai shi ne ana karɓar takardar tun saura kwana 90 shekara biyar ɗin ta cika. Ka ga abin da ya rage maka kafin ka miƙa bai ma kai shekara ɗaya da rabi ba.

Basakkwace:
To kun gani. Kun kewaya kun dawo kan maganata. Hanyar dokar ta cinye masa shekarunsa, ta tsayar da takardar matarsa. Tawa hanyar ba ta ci masa komai ba. Na san mutane da ke yin haka kuma lafiya lau suke.

Maman Sadiq:
Lafiya lau suke zuwa ranar da aka ce su ajiye mota gefe su shiga ciki. Na sha ganin masu zaman jira a ɗakin nan da kayan aiki a jikinsu, waya na ta ƙara a aljihu daga wurin aiki, ba damar ɗauka. Kuma ko ya wuce iyaka lafiya, N-400 tana tambayar duk inda ka zauna a shekara biyar, ka sa hannu, ranar ganawa kuma ka ɗaga hannu ka rantse. In daga baya aka gano da ƙarya ka samu, ana iya ƙwace zama ɗan ƙasar ko bayan shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Basakkwace. Shi wanda zai ara maka adireshin ma ka jefa shi cikin abin da bai ji ba bai gani ba.

Hajiya Babba:
Ni duk maganar takardun nan na ji ta, amma ba wanda ya tambayi halin da yarinyar mutane ke ciki. Baban Ilham, ɗana, matarka tana da kowa a Windsor? An ɗauko ta daga cikin dangi an kawo ta ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe biyar a watan Disamba, ga goyo, ga ƙanƙara a bakin ƙofa, in zazzaɓi ya kama yarinya da tsakar dare ita kaɗai za ta sa ta a mota. Ku maza kuna cewa shekara ɗaya da rabi kamar gobe ne. Ga mai raino ita kaɗai ba gobe ba ne. Na yi irin zaman nan lokacin da Alhaji ke aiki a wani gari, na san ɗacinsa. Aure yana da haƙƙin kwana, fasfo kuwa ba ya shafe haƙƙin nan. In ita ta yafe da bakinta, to. In kuwa ta gaji, ni a ganina ka karɓi katin kai-komon ka koma cikin iyalinka, abin da Allah ya rubuta maka ba zai wuce ka ba.

Baban Ilham:
Hajiya wallahi kin taɓo inda ke mini ciwo. Tana da ƙawaye biyu da suka haɗu a masallacin Northwood, su ne danginta a can. Ita ba ta taɓa cewa in saki komai ba, cewa take in yi abin da ya fi mana amfani. Amma ina ganin gajiya a fuskarta in zan tafi.

Injiniya Ɗan Zariya:
Ni ina bayan Hajiya, ko da yake dalilina daban ne. Me ya sa kowa ke magana kamar fasfon Amurka ne kaɗai abin nema? Matarka mai PR ce kuma a Kanada take zaune, tana da ikon ɗaukar nauyinka a matsayin miji. Takardar takan ɗauki wajen shekara guda, ita kuma za ta sa hannu kan ɗaukar nauyinka na shekara 3. Da ka samu PR, kowane daren da ka kwana a Windsor yana shiga lissafi, domin ka wayi gari a Kanada kuma ka dawo ka kwana a cikinta. Zama ɗan ƙasar Kanada kwana 1,095 ake nema a cikin shekara 5, da shaidar ka miƙa takardun haraji na shekara 3. Wato kana aikinka a Detroit kana karɓar dalar Amurka, cikin shekara uku da 'yan kai ka cancanci fasfon Kanada. Ga OHIP, inshorar asibiti ta lardin Ontario, tunda Windsor a Ontario take, sharaɗinsa kwana 153 a cikin wata 12, kai kuwa ka ninka haka. In ma wata rana girin kad ɗin ya faɗi, da fasfon Kanada sai ka koma TN kamar Maman Sadiq, aikin jinya yana cikin jerin. Ina asarar take?

Malam Na Toronto:
Injiniya ya tuno da abin da ya kamata a faɗa tun farko: girin kad ba ya ba mutum izinin zama a Kanada. Abin da yake ba ka shi ne shiga ziyara ba tare da biza ba, da fasfonka da katin a hannu. Don haka ko yau Baban Ilham ya zaɓi kai-komo, sai ya samu matsayin zama a Kanada tukuna. Baƙon da ke kwana kullum a Windsor su ma jami'an can za su tambaye shi.

Amma a kan asara ban yarda da kai ba. TN izini ne na wucin gadi, daure yake da mai aiki ɗaya, ana sabunta shi duk bayan shekara 3 in ya yi tsawo. Fasfon Amurka kuwa in ya shiga hannunsa maganar ta ƙare har abada. Ɗan ƙasa ba a tambayarsa ina yake kwana. Zai iya tarewa a Windsor washegarin rantsuwa, ya yi shekara ashirin yana ƙetarawa, ya bar aiki ya kama wani, ba abin da zai taɓa shi. Matarsa kuma ta fita daga layin jira na matan masu girin kad ta koma sahun iyalan ɗan ƙasa da ba su da ƙayyadadden adadi. Daga nan sai ta ɗauki nauyinsa a Kanada, ya bi hanyar da ka zayyana daki-daki. Amurka da Kanada duk sun yarda mutum ya riƙe ƙasa fiye da ɗaya, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya bar wa ɗan ƙasa ta haihuwa wannan damar. Abin da nake cewa shi ne duka biyun na iya zama nasa in ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya fara da Kanada ya zubar da abin da ya kusa nuna. In ya fara da Amurka, na Kanada na nan na jiransa muddin matarsa na can.

Injiniya Ɗan Zariya:
Na ji wannan. Sai dai ka lissafa har da jiran ganawa da rantsuwa bayan ya miƙa takardar, domin dole ya ci gaba da zama a Amurka har ranar da aka rantsar da shi. Ba ranar miƙawa abin ke ƙarewa ba. Kuma yadda manufofin shige da ficen Amurka ke juyawa tun 2025, musamman a kan masu fasfon ƙasashenmu, ba wanda zai ɗauki alkawarin wata kaza ne.

Malam Na Toronto:
Haka ne, dole ya zauna har rantsuwa. Juyawar manufofin kuma ni a wurina hujja ce ta ya ƙarasa, domin mai kati ne iska ke kaɗawa, ɗan ƙasa ya fi ƙarfinta.

Anti Akanta:
Ku bari in sako maganar haraji kafin a yanke, don ita ke ba mutane mamaki daga baya. Mai girin kad, ko ina yake kwana, Amurka na ɗaukarsa mazauninta a fannin haraji, zai bayyana duk abin da ya samu a duniya. In ya tare a Windsor Kanada ma za ta ɗauke shi nata, ita ma ta nemi ya bayyana komai. Akwai yarjejeniyar haraji tsakaninsu tun 1980, ba za a caje ka sau biyu a kan kuɗi ɗaya ba, ana cire maka abin da ka biya a Amurka daga abin da Kanada ke bin ka. Amma ga mai albashi irin na ma'aikacin jinya harajin Ontario yakan fi, kuma ba wanda ke cire bambancin daga albashinka wata-wata. Sai ƙarshen Afrilu ya zo a ce ka kawo dunƙule. Na Amurka 15 ga Afrilu, na Kanada 30 ga Afrilu, sai ka gama na farko kafin ka iya cike na biyu. Na jihar Michigan kashi 4.25 cikin ɗari da na birnin Detroit kashi 1.2 ga wanda ba mazaunin birnin ba suna nan ba su tafi ko'ina ba. Don haka kuɗin hayar da kake ganin za ka huta da shi, ka fara cire wannan a ciki ka ga abin da ya rage.

Abu biyu kuma. Kada wani mai cike takardun haraji ya ruɗe ka ka miƙa 1040-NR a matsayin wanda ba mazaunin Amurka ba don ka rage kuɗi. Hukumar shige da fice na iya ɗaukar wannan a matsayin ka furta da kanka cewa ka bar ƙasar. Sannan asusun banki na Kanada da sunanka ke kai, har wanda kuka haɗa da Maman Ilham, in jimillarsu ta haura dala 10,000 ko na rana ɗaya ne a shekara, sai ka cike FBAR, takardar bayyana wa Amurka asusun da ke waje. Wannan ya hau kanka tun yanzu, ba sai ka tare ba. Ita ma in tana karɓar tallafin yara na Kanada, sai ta bayyana musu albashinka, domin da kuɗin shigar gida gaba ɗaya ake lissafi ko da mijin a waje yake.

Maman Sadiq:
Ƙanena, ranaku nawa kake aiki a mako? In irin namu ne na awa goma sha biyu sau uku, ai kana da sarari. Ka nemi a jera maka su, ka rage ɗakin zuwa mai araha, sauran lokacin ka ba iyalinka.

Basakkwace:
Ha! To in ya kwana uku a Dearborn huɗu a Windsor, ina ne gidansa? Ashe ku ma dabara kuke koya masa, tawa ce kawai kuka ƙi.

Malam Na Toronto:
Tambayarka a kan hanya take, Basakkwace, kuma a nan ne ya kamata ya yi taka-tsantsan. Bambancin shi ne a taka shawarar adireshin na bogi ne, a wannan kuwa ɗakin nasa ne da gaske, yana biya, yana kwana, kayansa na ciki. Amma in mafi yawan dararensa a Windsor suke, ga mata da 'ya a can, jami'in da zai gana da shi yana da dalilin cewa Windsor ne mazauninsa. N-400 tana neman jerin duk tafiyar da ta kai awa 24, zai gan su a jere mako-mako. Ni shawarata dararen Michigan su rinjayi na Ontario a fili ba tare da gardama ba. Zuwan yini kuwa, ya je da safe ya dawo da dare, ba ya rage masa kwanakin kasancewa a Amurka, domin ranar da ya taka ƙasar ana lissafa masa ita. Ya ajiye takardar haya, rasitan wuta, jadawalin aiki. Ya kuma buɗe littafi ya riƙa rubuta kowace ƙetarawa da ranarta. Kafin ya canza komai ya biya lauyan shige da fice na awa ɗaya, wanda ya saba da shari'o'in kan iyaka, akwai su a Detroit da Windsor duka. Kuma in wata rana aka miƙo maka I-407 a iyaka aka ce ka sa hannu, ka san takardar sakin kati ce da son rai. Kana da ikon ka ƙi, ka ce a kai maganar gaban alƙalin shige da fice, shi ne mai hurumin yankewa.

Hajiya Babba:
Ita ba za ta iya zuwa wurinsa ta kwana biyu ba? Dole sai shi ne zai yi ta zirga-zirga?

Baban Ilham:
Hajiya ita fasfon Najeriya ne da ita, katin PR ba ya shigar da mutum Amurka, sai da biza. Da I-130 a kanta kuma samun bizar ziyara da wuya, don ana ganin ta riga ta nuna niyyar zama. Yarinyar ce kaɗai ke da fasfon Kanada.

Maman Sadiq:
To ka sauƙaƙa wa kanka hanyar. Ka nemi NEXUS, katin saurin ƙetare iyaka, in ba ka da shi, mai girin kad da ya shekara uku a ƙasar ya cancanta, dala 120 ne na shekara 5, layinsa daban. Daga tsakiyar gari hanyar ƙarƙashin kogi ta fi, tana fito da kai kan titin Jefferson, ba ka gogayya da tireloli. Daga Dearborn kuwa gadar Ambassador ta fi kusa, sai dai ka haƙura da manyan motoci a titin Huron Church. Ka san duka biyun sosai, domin a Fabrairun 2022 da masu zanga-zanga suka toshe gadar kusan mako guda, kowa ƙarƙashin kogin ya koma. Kuma don Allah duk abin ci da ke motarka ka faɗa. Na san jarabar naman halal na Dearborn da arahar kaya, amma tafiyar da ba ta kai awa 24 ba Kanada ba ta yafe harajin ko sisi, sai ka kai awa 24 ake yafe na kayan dalar Kanada 200, awa 48 kuma 800. Kilishi ko dambun naman da aka aiko daga gida kada ma ya shiga motar. A kan ƙullin abinci guda da ba a faɗa ba ana karɓe NEXUS.

Maman Ilham kuma ka ce ta neme ni ta akwatin saƙo. Muna da zaman mata duk ƙarshen mako, akwai masu goyo irinta, muna karɓa wa juna raino. Daren da kake bakin aiki in wani abu ya taso ga ni nan kusa.

Baban Ilham:
Allah ya biya ki da Aljanna, Yaya. Na karanta mata duk abin da aka rubuta a nan, har da maganar Hajiya, mun daɗe muna tattaunawa. Ta ce in ƙarasa abin da na fara, da sharaɗin in daina karɓar ƙarin aiki a ranakun hutuna, waɗannan nasu ne ita da Ilham. Zan nemi ɗaki ƙarami kusa da gada, zan ga lauya kafin in sa hannu a sabuwar haya. Maganar ta ɗauki nauyina a Kanada kuma za mu tambayi lauyan lokacin da ya dace a miƙa ta.

Malam Na Toronto:
Ka tambaye shi wannan musamman. Karɓar PR na Kanada kana tsakiyar neman zama ɗan Amurka zai jawo tambayar ina ka nufa da zama, don haka jerin lokutan na da muhimmanci.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa, kishiyar tasa ce. Ni a Michigan nake zaune da girin kad da na ci a cacar biza ta Amurka, iyalina na tare da ni, kuma ina da PR na Kanada da na samu ta ɓangaren masu Faransanci. An ba ni aiki a wata masana'anta a Windsor. In ina kwana a Michigan ina zuwa aiki can, PR ɗin zai tsaya?

Malam Na Toronto:
Wa alaikumus salam. Taka ta fi sauƙi, domin kowace ƙasa ka ba ta abin da take aunawa: gidanka na Amurka, ranakunka na Kanada. Kwana biyar a mako ya haura kwana 200 a shekara ko an cire hutu, a shekara 5 ka wuce 730 nesa. Sai dai nauyin kawo shaida a kanka yake ranar sabunta katin, kuma mai adireshin waje ana duba takardunsa da kyau. Ka adana takardun albashi da jadawalin aiki, ka kuma nemi tarihin shige da ficenka daga hukumar iyakar Kanada ka gwada shi da naka rubutun. OHIP kuwa kada ka nema, wannan sai wanda ainihin gidansa ke Ontario.

Anti Akanta:
Ɗan Damagaram, harajinka ma a juye yake: Kanada za ta fara cira daga albashi, sannan ka bayyana wa Amurka da Michigan. Ka nemi mai cike takardu da ya saba da ƙasashen biyu tun kafin albashin farko ya shigo.